Na Yi Kara a Inda Ba a San Kara Ba

Al Khabaisi

Kwanana uku da sauka Dubai na tsaya a ƙofar ofishin da aka ce zai ba ni aiki, a hawa na biyu na wani bene a Al Khabaisi, na tarar da kwaɗo. Duk da haka sai da na ƙwanƙwasa. Ban san abin da nake tsammani ba, ko kwaɗon ne zai amsa mini. Ta gilashi ina hango tebur ɗaya da kujera a kife. Wani Ba'indiye mai shagon buga takardu a gefe ya leƙo, ya dube ni, ya dubi fayil ɗin da na rungume, ya kaɗa kai. Ya ce ba ni ce ta farko ba.

Sunana Sa'adatu. Shekara goma sha ɗaya na yi ina jinyar masu shanyewar ɓarin jiki a wani asibiti a Kano, kuma da hannuna na rubuta takardar ajiye aikin. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, Ummi, tana wajen mahaifiyata. Wani dillali ne ya nuna mini takardar ɗaukar aiki mai jan hatimi, ya ce in taho da bizar ziyara ta kwana sittin, ina sauka za a mayar da ita ta aiki. A duk fayil ɗin nan abu ɗaya ne na gaskiya, takardar cin jarrabawar aikin jinya ta ƙasar, wadda na zauna na rubuta da kaina. Idan kwanakin suka ƙare ban sami wanda zai ɗauke ni ya yi mini biza ba, gida zan koma, ba aikin can ba na nan.

Na sauko na zauna a matakalar bene ina kuka. Can sai na ji an ce, “Ke 'yar nan, daga Kano?”

Wata dattijuwa ce mai jiki, da jaka a hammata da wayoyi biyu a hannu ɗaya. Hajiya Asabe, 'yar kasuwa mai sayen abaya da takalma tana turawa gida a kwantena. Ta ce tun daga nesa ta gane ni, yafin mayafina ya tona ni. Na ba ta labari ina shessheƙa. Ba ta yi salati ba, ba ta yi mamaki ba.

“Khalas, ya isa, share fuskarki. Waɗannan 'yan iskan ba a nan za ki kama su ba, sai a gaban Allah. Kina da wajen kwana?”

“Masaukin da nake, gobe zan fita.”

“Yalla, tashi. Akwai wani filat a Bur Dubai, mata ne zalla, ba hayaniya. Turawa ne dai, amma an ce ba su da matsala.”

Muka tsallaka ruwa a abra, ƙaramin kwalekwalen da ke haye da mutane. Ni da ban taɓa hawa ko na Wudil ba, na riƙe gefen katakon gam ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Hajiya kuwa ciniki take a waya.

Bur Dubai

Mata biyu muka tarar a falo. Ɗaya doguwa, fara tas, idanunta kore, gashi a gyare, rigarta a goge tana ƙamshi. Ɗayar gajeruwa, fatarta kamar ta Buzuwa, tana sanye da wata riga da ta koɗe, tana goge ƙasa. Ni kuwa na san aikina. Na wuce mai gugar ƙasa ko kallo ba ta ishe ni ba, na je gaban farar na rusuna na ce, “Barka da yamma, Madam.”

Farar ta tuntsure da dariya har tana riƙe ciki. Ta nuna mai tsumman ta ce, “Ga Madam can. Ni gadon ƙasa nake haya, ke za ki hau na sama.”

Kunya ta kama ni kamar in nutse. A wajenmu duk wanda ya yi fari ya yi dogon hanci Bature ne, Bature kuwa mai kuɗi ne, ba a tambaya. Ranar na fara sanin ba haka duniya take ba.

Mai gidan sunanta Paulina, 'yar ƙasar Chile, tana haɗa kek da burodi a wani babban otal. Ita ta kama filat ɗin, tana da ɗakinta ita kaɗai, sauran ɗakin ta sa gadaje masu hawa. Farar kuma Yanelis, daga Cuba. Harshensu ɗaya, Sifaniyanci, idan suna hira sai ka rantse uwa ɗaya ta haife su. Da ni kuwa Turanci muke yi, kowa da irin karyewar nasa.

Firij ne ya fara nuna mini bambancinsu, don kowa da hawansa a ciki. Hawan Paulina kullum a cike yake: cuku, inabi, kifi a leda, da fiya wadda take shafawa a burodi safe da yamma. Hawan Yanelis tukunya ɗaya ce tal ta shinkafa da baƙin wake, ranar Lahadi take dafawa, ita za ta ci har wata Lahadin. Hawana ruwa ne da ragowar burodi. Ina tattalin guzurina, don ban san ranar da zan fara samu ba.

Wata rana da yamma na dawo daga yawon kai takardu, tun safe ban sa komai a bakina ba. Paulina na soya ƙwai da albasa, ƙamshin ya cika gidan. Ta ce, “Sada, za ki ci?” Haka suke kirana.

Na ce, “A'a, na gode, na ƙoshi.”

Kowa ya san wannan ba amsa ba ce, buɗe magana ne. A gida za a ce, “Haba, ɗan taɓa mana.” Ki ce wallahi na ƙoshi. A ce, “Ko loma ɗaya, don Allah.” Sai ki matso kina cewa an matsa miki. Paulina ta ce, “To,” ta juye ƙwan duka a farantinta ta shige ɗaki.

Na tsaya a kicin ina kallon kaskon. Yanelis da ke zaune tana gyara farce ta ɗago ta dube ni. Ta tashi ta buɗe firij, ta ɗumama shinkafa da wakenta, ta raba biyu, ta dire faranti a gabana ba tare da ta tambaye ni komai ba.

“Babu naman alade, kada ki damu,” in ji ta. “Babu naman kowa ma.”

Na ci ina haɗiye hawaye tare da waken. Daga ranar ta daina tambayata, sai dai ta ajiye.

A hankali na san labarinta. Likita ce, shekara tara tana duba marasa lafiya. Ƙasarta ta tura ta aiki wata ƙasa tare da ayarin likitoci, ta ga abin da ke isa hannunta ba ya ciyar da mahaifiyarta, ta sulale ta bar ayarin. Tun daga nan takardun karatunta suka maƙale a gida, ba mai sa mata hannu, ita ma an rufe mata ƙofar komawa na shekaru. A Dubai tawul take naɗewa a wani gidan motsa jiki. Da na ji haka sai na kama kaina ina gyara zama, don a asibitinmu idan likita ya shigo miƙewa muke.

Ƙarƙashin gadonta akwai wata jar akwati. Duk ranar albashi sai ta jawo ta ta ƙara abu: sabulu, madarar gari, maganin hawan jini, fitila mai caji. Ta ce a garinsu ana ɗauke wuta a wuni babu, mahaifiyarta tsohuwa ce, zafi na hana ta numfashi. Na ce ai mu ma haka. Muka yi ta gasar wa aka fi ɗauke wa wuta muna dariya. Abin da ya rage mata shi ne fanka mai caji. Kullum muka bi ta kasuwa sai ta tsaya gaban wani shago ta kunna wata shuɗiya, ta sa fuskarta a iskar, ta kashe, mu wuce.

Bikin mutanen Paulina

Saura kwana ashirin da shida a bizata Paulina ta ja mu bikin ranar ƙasarsu, wai mu taya ta ɗaukar tire. Gida ne mai lambu a wata unguwa da ko motar haya sai an nuna kati take shiga. Ba su da yawa, amma kowa ka taɓa sai ka ji matuƙin jirgi ne, ko injiniya, ko mai kamfanin shigo da 'ya'yan itace. Na riƙe kofin lemo na rakuɓe a kusurwa ina saurare. Hirarsu ta inda za a je hutu ce, da makarantar da ta fi kyau, da gidan da wani ke ginawa a bakin teku a can gida. Wata mata ta ce mini ita ta gaji da zafin nan, bayan sanyi za ta tattara ta koma. Ta faɗe shi kamar mai cewa za ta leƙa maƙwabta.

A hanyar dawowa na tambayi Paulina yadda ta sami bizar zuwa tun farko. Ta ce ba ta nemi biza ba, fasfonsu haka kawai ake buga masa hatimi a filin jirgi. Aikin ma tun tana gida aka sa hannu. Na ce to wa take aika wa kuɗi? Ta yi tunani, ta ce mahaifinta na da fansho, wani lokaci ma shi ke tambayarta ko tana bukatar wani abu. Ba da fahariya ta faɗa ba, Paulina ba ta da wannan halin. Ita ma tana tashi tun kafin asuba, hannuwanta duk tabon tanda. Amma idan aikin ya ƙi, tana da inda za ta faɗa.



Al Warsan

Lahadin da ta biyo Yanelis ma ta kai ni wajen nata mutanen, a wani ɗaki a Al Warsan, bayan rumbunan ajiyar kaya. Mutane sun fi goma sha biyar a wurin da bai fi shagon tela ba, ana buga wasan domino ana ihu, kiɗa na tashi. Ta riƙa nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Wancan mai gemun injiniyan lantarki ne, yanzu faranti yake ɗauka a gidan abinci. Waccan malamar lissafi ce, rawa take koya wa matan masu kuɗi. Mai busa ƙahon nan kuwa ya yi karatun kiɗa mai zurfi, a ƙofar otal yake busa wa masu shiga.

Ban ga ɗakin da ilimi ya taru ya rasa wurin zama kamar wannan ba. Kuma hirar tasu guda ɗaya ce: wa zai tafi gida, yaushe, akwatinsa na da sauran wuri? Wani saurayi da aka ji zai tafi ƙarshen shekara, sai ga shi an kewaye shi kamar ango, kowa na cusa masa ƙulli. Wannan kam na gane shi ba tare da tafinta ba, haka muke yi wa mai tafiya Kano. Tukunya ɗaya aka dafa, kuma ba wanda ya tambaye ni ko zan ci.

Na koma gida ina tunani. Harshe ɗaya, nahiya ɗaya, gari ɗaya suka zo ci-rani, amma waɗancan da ƙafarsu suka zo, waɗannan kuwa yunwar gida ce ta turo su. Na san kuma ɓangaren da nake, duk da ba na jin yarensu.

Saura kwana tara

Na kai takarduna asibitoci da ɗakunan shan magani har takalmina ya buɗe baki. Kowa ya ce za a kira ni. Wayar ta zame mini ciwo, ko wanka zan shiga sai na sa ta a leda. Kullum na farka abin da ke fara zuwa kaina shi ne adadin kwanakin. Idan Umma ta kira sai in ce aiki lafiya, ana ta horar da mu. Ummi kuma ta karɓi wayar ta ce in taho mata da jakar makaranta mai taya.

Ranar da ya rage kwana tara, Paulina ta dawo daga aiki ta same mu a kicin ni da Yanelis muna tsince wake. Ta ce wata mata da ta gani a bikin nan, Soledad, ta kira ta. Mahaifinta ya sami shanyewar ɓarin jiki, tana neman mai kula da shi a gida, za ta yi biza, ga ɗaki, ga albashi mai kyau. Tsohon ya manta Turancinsa gaba ɗaya, Sifaniyanci kawai ya rage masa. Mutum ɗaya ake so, kuma duk wadda Paulina ta kawo ita za a ɗauka.

Ta dube ni ta ce, “Sada, aikinki ne wannan, kuma kwanakinki sun kusa ƙarewa. Kina so?”

Ina so har cikin raina. Amma ga Yanelis a gefena, hannunta a cikin waken da take ciyar da ni da shi tsawon makonni. Likita ce. Ta riga ni zuwa. Yarenta ne. Yaya zan buɗe baki a gabanta in ce ni? Tun ina ƙarama aka koya mini cewa idan abu ɗaya ne ku biyu, sai ki tura wa 'yar'uwarki. Ita ma ta turo miki. Mai rabon ya sake tambaya, a ja, a ja, har abin ya zauna inda ya kamata ba tare da kowa ya zubar da mutuncinsa ba. Wannan shi ne kara, kuma ban san wata hanya ba.

Na ce, “A'a, ki ba Yanelis. Ta fi ni cancanta.”

Paulina ta ɗaga gira ta ce, “Kin tabbata? To. Kina da kirki, Sada.” Ta juya ta yi wa Yanelis magana da yarensu, ta ɗauki waya ta tura saƙo. An sa ranar Alhamis.

Ko minti ɗaya ba a yi ba. Wallahi na ɗauka wancan “kin tabbata” ɗin shi ne farkon ja-in-ja, ina shirya amsa ta biyu, ashe an rufe magana. Na ci gaba da tsince waken, ina zuba tsakuwa a cikin mai kyau.

Kwanakin da suka biyo ba na fatan ko maƙiyina ya ga irinsu. Na riƙa giftawa ta gaban Paulina ko za ta sake tambaya. In ta fito shan ruwa, ni ma ƙishirwa ta kama ni. Na wanke mata kwanuka, na share falo sau biyu a rana. Ta ce na gode, ta wuce. A wajenta na faɗi abin da nake so, ta girmama maganata, shi ke nan. Na ji haushinta, na kuma san ba ta yi mini laifin komai ba, wannan ya ƙara mini haushi.

Na tsallaka ruwa na sami Hajiya Asabe a shagon masu tura kaya gida ana ɗaure mata kwalaye. Da na gama ba ta labari ta ajiye wayoyinta biyu, abin da ban taɓa gani ba.

“Kara? A Dubai? Ke wa ya aike ki? Habibti, nan in an ce kina so, cafkewa ake yi tun kafin a rufe baki! Koma ki ce kin fasa.”

“Hajiya, da wane idon? Matar nan ita ke ciyar da ni.”

“To ki je ki nemi tikiti, kada ki bari bizar ta mutu a kanki. Ki koma ki gaya wa 'yarki kin yi kunya, ta ci ta ƙoshi.”

Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. A abra na yi ta haɗa kalmomin da zan faɗa wa Yanelis. Ina shiga ɗaki na same ta ta jawo jar akwatin tana shirya kayan ciki tana waƙa a hankali. Na hau gadona na juya wa bango fuska.

Alhamis

Da safe na idar da salla ina zaune a kan darduma, Yanelis tana guga. Farar riga ce guda ɗaya da take ajiyewa don irin wannan ranar. Saura kwana biyar. Na riga na fara naɗe kayana a ɓoye.

Ba ta juyo ba ta ce, “Sada, a ƙasarmu ma muna da irin abin nan naku. Baƙo ya ce ya ƙoshi, mu zuba masa. Ranar da kika ce a ba ni, hannunki na kalla, ba bakinki ba. Rawa yake yi.”

Ta ci gaba da guga tana magana.

“Kwana huɗu ina jira ki yi magana. Ni ma ina son aikin nan, kada ki ɗauka ba na so. Ina son in sake taɓa marar lafiya. Ina son in cika akwatin can.” Ta kife dutsen gugar ta juyo, idanunta sun yi ja. “Amma bizata tana da sauran watanni, taki kwana biyar. Ba zan ba ki abin da kika ce ba kya so ba, don idan na yi haka zan tsane ki daga baya. Sau ɗaya zan tambaye ki, irin na Paulina, ba ni da ƙarfin sau uku. Kina so?”

Na ji “a'a” ta taso ta zo har bakina da kanta, tsabar sabo. Na danne ta. Ban taɓa ɗaukar abu mai nauyin kalmar da ta biyo baya ba.

“Ina so,” na ce. “Ina so, Yanelis. Ina da 'ya.”

Sai kuka ya ƙwace mini. Ta ce in tashi, ba lokacin wannan. Ta miƙo mini farar rigar da zafin guga a jikinta, hannun ya yi mini tsawo muka naɗe, na ɗora mayafina a kai. A cikin jirgin ƙasa ta riƙa cusa mini kalmomi tana sa ni maimaitawa: agua ruwa ne, dolor ciwo, despacio a hankali.

Soledad ta yi mamakin ganinmu mu biyu. Yanelis ta yi mata magana mai tsawo da yarensu, tana nuna fayil ɗina. Na ga fuskar matar ba ta so ba, ita mai jin yaren mahaifinta take nema. Sai aka ji tari daga ɗaki. Na leƙa na ga tsohon ya zame a kan gado, kafaɗar da ta mutu ta danne a ƙarƙashinsa. Ban nemi izini ba. Na shiga na sa hannu ɗaya a ƙugunsa, ɗaya a bayan kafaɗar, na ce, “Despacio, Baba,” na juya shi na tokare da matashi. Ya sauke numfashi ya lumshe ido. Soledad ta daɗe a tsaye bakin ƙofa, sannan ta ce in kawo fasfona.

Da muka fito Yanelis ta duba agogo ta ce za ta makara, akwai tawul na jiranta. Na tsaya ina kallon bayanta har ta sha kwana.

Bayan nan

Bizar ta fito. Da na gaya wa Umma ta yi ta hamdala, ta ce ai ta sani, haƙurina da kawaicina ba za su tashi a banza ba. Na ce haka ne, Umma. Ban iya gaya mata cewa kawaicin ne ya kusa dawo da ni gida ba, kuma daga bakin wata na karɓi abincin.

Sunan tsohon Elías, ni dai Baba Iliya nake ce masa. Na iya juya shi, na iya ba shi abinci ba ya shaƙewa. Amma wata rana da la'asar ya kama wata magana yana maimaitawa yana kuka, ba ta cikin kalmomina. Na duba ko'ina ban ga ciwo ba. Na kira Yanelis na kara masa wayar a baki. Ina jin ƙarar injin wanki a bayanta. Ta saurara, ta ce, “Ba ciwo ba ne. Mahaifiyarsa yake kira, yana tambayar yaushe za ta zo ta ɗauke shi. Ki riƙe hannunsa kawai.” Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe, ta kashe wayar.

Ranar hutuna ta farko bayan albashi na wuce kasuwar Bur Dubai kai tsaye, na sayi shuɗiyar fankar nan. Na tarar da Yanelis a ɗaki, gadona na sama an riga an ba wata. Tana ganin kwalin ta miƙe.

“A'a, Sada. A'a. Ki aika wa 'yarki, ni na kusa haɗawa.”

Na durƙusa na jawo jar akwatin.

“Na ce a'a! Da gaske nake.”

Ban ɗago na dubi bakinta ba. Hannunta na kalla, kamar yadda ta kalli nawa ranar nan. Na matsar da sabulun gefe, na kwantar da fankar a kan madarar, na ja zif ɗin har ƙarshe.